Shekarar Da Aka Sayar Da Majemar Baba

Na san abin da ake faɗa a gidan Baffanku Malami, ko da ba a faɗa a gabanku idan kun je gaisuwar Salla. Ana cewa ni na kashe sana'ar gidanmu, na sa aka sayar da majemar kakanku don in sayi inji. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba. Akwai ragowar da babu wanda ya sani sai ni da wani mutum da ya daɗe da komawa garinsu, kuma ita nake so in rubuta muku tun ina da sauran ido.

Gidanmu na Ƙofar Taramniya fata ce ta gina shi. Baba yakan sayi fatar jar akuya wajen mahauta da mutanen ƙauye, a kai majemarmu da ke bayan gari ta wajen fadama, a jeme ta da bagaruwa, a shanya, a ɗaure, a kawo sito. Daga sito kuma mai saye ɗaya ne tak, wani kamfanin Turawa mai wakili a gari, wanda tun kafin a haife ni shi ke kwashewa. Ba mu taɓa neman wani ba, ba mu kuma taɓa taɓa wata haja ba. An ce mana a ƙasashen sanyi ana yin jaka da safar hannu da bangon littafi da fatarmu, mu kuwa abin da ya dame mu shi ne babbar mota ta zo ta ɗauka. Mai riƙe da majema wani dattijo ne, Baba Tanko. Ba danginmu ba ne, amma tun suna samari yake aiki da Baba, hannuwansa sun rine da ruwan bagaruwa har ba sabulun da ke fitar da shi. A hannunsa Yaya Malami ya tashi. Yaya yakan shafa fata sau ɗaya ya gaya maka ko akuyar ta sha wahalar rani, ko mahaucin ya yi gaggawar fiɗa. Ni kuwa warin majema ya kore ni tun da wuri, sai aka bar ni a sito ina hulɗa da direbobi da wakilin kamfani.

Sai kuɗin man fetur ya shigo, lokacin soja ne ke mulki. Ku da ba ku gani ba, ba za ku gane saurin da garin nan ya canza ba. Aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, aka haɗa musu da na baya. Cikin 'yan watanni kowane gida na ma'aikaci akwai rediyo da fanka, wasu har firji, babura suka cika titi. Ko'ina gini ake yi. Samarin majemarmu suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa leburanci, domin ɗaukar bulo ya fi jima tsoka, kuma mutum ba ya komawa gida yana wari. Mahauta suka gano masu sayen fata don yin ganda sun fi mu biya. Sannan wata ranar Talata wakilin kamfani ya zo sito, bai zo da mota ba. Ya zauna a kan benci ya ce kamfani zai rufe saye a Sakkwato, wai kuɗin ƙasarmu ya yi ƙarfi har fatarmu ta yi wa Turawa tsada, suna samun mai araha a wasu ƙasashe. A ranar ban gane yadda ƙarfin kuɗi zai zama masifa ba. Na fahimci dai sito cike yake da fata, kuma babu mai ɗauka.

Da na kai wa Baba labari, bai ko ɗaga kai daga carbinsa ba.

"Za su dawo," in ji shi. "Lokacin yaƙi ma sun tahi, sunka dawo."

Wata uku muka yi muna jira. Shawarar inji ba daga kaina ta fito ba, daga bakin Inna na tsince ta. Wata safiya na shiga gaishe ta na tarar tana faɗa, an aika da gero niƙa tun hantsin jiya bai dawo ba. Injin niƙa ɗaya ne a kusa da mu, can wajen kasuwa, layinsa kuma ba ya ƙarewa. Ta ce matan ma'aikata sun daina daka, 'yan matan da ke taya uwayensu duk an kwashe su makarantar boko, turmi ya zama wurin zaman kaji. Na fito ina lissafin gidajen da ke tsakanin Ƙofar Taramniya da Ƙofar Dundaye, kowanne kuma dole ya ci tuwo ya sha fura, ko Bature ya sayi fata ko bai saya ba.

Baba ya yarda in raba sito biyu, in sa inji a rabi. Ya ba ni abin da aka samu daga ragowar fatar da muka karyar wa dukawan gari. Yaya Malami bai hana ba, ya ce dai in tabbata ƙura ba ta taɓa masa fata ba.

A nan Bitrus ya shigo. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, makaniki a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, yana haya da iyalinsa a bayan layinmu. Duk wanda injinsa ya ƙi tashi a unguwar wajensa yake zuwa bayan an tashi aiki. Na kai shi sito ya duba wuri, na ce masa inji mai aiki da lantarki nake so, tunda ga falwaya a ƙofar gida. Ya ɗaga kai ya dubi wayar.

"Malam Umaru, ka sayi mai shan man gas. Ya fi tsada, yana da ƙara, yana da hayaƙi, amma kai ke tada shi, kai ke kashe shi."

"Ƙasar da ta rasa inda za ta zuba mai, ita za ta rasa wuta?" na ce.

"Ni nake zuwa gyara a tashar wuta idan sun nemi hannu," in ji shi. "Injinan da ke can an kawo su ne don garin da. Yanzu kowa ya sayi fanka da firji, ga sababbin unguwanni ana ta ja musu waya. Bari zafi ya shigo ka gani."

Na ji shi sarai. Amma na lantarki ya fi araha, ba ya ƙazanta, kuma in faɗa muku gaskiya, ina so a ce ɗan Alhaji ya kawo abin zamani, danna maɓalli kawai. Na sayi na lantarki. Bitrus ya zo ya kafa mini shi da kyau, ya koya mini ɗaure bel da daidaita farantin da ke murƙushe hatsi.

Watannin farko abin ya yi kyau ƙwarai. Tun da sassafe ƙwarya da kwano ke jeruwa a ƙofar sito har su sha kwana. Ni da kaina nake niƙa, in koma gida fari fat, matata Nana tana dariya wai ta auri fatalwa. A karon farko tun tafiyar kamfani cefanen gida ya daina fitowa daga ajiyar Baba. Har na fara ganin kaina.

Da bazara ta shigo sai maganar Bitrus ta tabbata. Aka fara ɗauke wuta da rana tsaka, a kawo da la'asar. Daga nan sai a yini babu, daga nan sai kwana biyu. Idan ma an kawo, wani lokaci ba ta da ƙarfin juya inji, sai ya yi ta gurnani yana zafi. Mata su aiko da hatsi, ya yini, a zo a ɗauke. Abin da ya karya ni shi ne sunan da aka yi a gidan limamin unguwarmu. An kawo mini jiƙaƙƙiyar shinkafa ta masa, manyan kwanoni, da gero na fura, ana jibi suna. Na ce su bari, wuta za ta zo. Ba ta zo ranar ba. Washegari na sake cewa su ƙara haƙuri. Kafin azahar shinkafar ta yi tsami a cikin zafin nan, ta fara kumfa, ba ta niƙuwa ba ta ciyuwa. Inna ce ta fitar da shinkafarta ta ɗaki, ta aika aka tara mata turame daga maƙwabta, ita da Nana da matan layi suka yi ta daka har hannuwansu suka yi kanta. An yi suna, an ci masa. Amma daga ranar ƙofar sito ta koma wayam, ko an kawo wuta ba mai aikowa. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da na je ba ta haƙuri sai ta nuna mini tafin hannunta kawai, ta ci gaba da abin da take yi.

Na koma wajen Bitrus. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ce akwai injin man gas a Kano, mai ƙarfin da zai ja niƙa ya kuma ja injin casar shinkafa, amma an yi masa tsada tunda kowa yanzu shi yake nema. Abin da ke hannunmu bai kai ko kusa ba. Abu ɗaya ya rage mana mai daraja, filin majema. Wani ɗan kwangila ya daɗe yana aiko wa Baba, yana son wurin don buga bulo saboda ga ruwa kusa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka zauna a zaure, Baba da Yaya Malami da ni. Na faɗi abin da ke raina. Yaya ya bari na gama, sannan ya juya wajen Baba, ko kallona bai yi ba.

"Baba, man nan da anka samu, rami ne, wata rana shina ƙarewa ko shi faɗi. Akuya kuwa ba ta daina haihuwa. In Bature ya tahi, akwai Kano, akwai masu takalma, mu nemi wasu. Majema in anka tashe ta ba ta dawowa. Ba ramukan jima ba, mutanen. Wa zai koya ma wani in Baba Tanko ya zauna gida?"

Na ce mutum nawa suka rage a majemar, in ban da shi da Baba Tanko da tsofaffi biyu? Na ce gidan nan ya shekara da shekaru yana sayar da abu ɗaya ga mutum ɗaya, ranar da mutumin ya juya baya ga inda muke. Na ce niƙa da casa ba sa jiran jirgin ruwa. Muka ɗaga murya har Inna ta turo a ce mana ana jin mu a cikin gida.

Baba ya ɗaga hannu muka yi shiru. Sai ya tambaye ni.

"Umaru, lokacin da kas sayi wanga na lantarki, ba wanda ya san aikin da yac ce maka haka na iya faruwa?"

Na ce, "Babu, Baba. Ba wanda ya zaci haka."

Wannan ita ce ragowar da na ce ba a sani ba. Ƙarya na yi wa mahaifina a zaurensa ranar Juma'a. Da na bi maganar Bitrus tun farko, na ƙara ɗan haƙuri na sayi na man gas, da ba a kai ga majema ba. Da kuma na faɗi gaskiya a ranar, na san Baba, zai ce wanda bai ji shawara ta farko ba ba a ba shi ta biyu. Na san haka, shi ya sa na ce babu.

Baba ya ce tunda ƙaddara ce ba ganganci ba, a sayar. Ya ce a fitar wa Malami da rabonsa a hannu, kuma an fitar, wannan kowa ya shaida, kada wani ya gaya muku an ci masa haƙƙi ta nan. Yaya ya tashi ya sa takalmansa.

"Allah shi sa alheri," in ji shi, ya fita.

Baba bai yarda a aika wa Baba Tanko da saƙo ba. Washegari da safe ya ce in ɗauke shi a babur mu je. Muka tarar da shi a bakin rami yana juya fata da sanda. Baba ya tsuguna kusa da shi, da babbar rigarsa, ya gaya masa. Baba Tanko bai daina juyawa ba.

"Na ji, Alhaji. Waɗanga da ke cikin ruwa, a bar ni in ƙare su. Kwana tara."

Na matso na ce masa akwai wuri a wajen inji, ba aikin ƙarfi ba, ya zauna kawai yana karɓar kwanoni yana lura da na wane ne. Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Umaru, ni majemi ne. Na gode."

Ya ƙare fatunsa a kwana tara, ya wanke ramukan kamar gobe za a sake zubawa, ya kawo wa Baba mabuɗin rumfa. Yaya Malami kuwa kafin damina ta tsaya ya kwashe iyalinsa ya tafi Kano, ya kama aikin tantance fata a wata masana'anta. Inna ta yi kuka ranar da motarsu ta tashi, Baba ya shiga ɗaki bai fito ba sai la'asar.

Injin man gas ya zo, Bitrus ya kafa shi kusa da na lantarki, ya haɗa su yadda in an kawo wuta in juya bel can, in an ɗauke in tada wannan. Shi ma ba a rasa wahala ba, akwai lokutan da man ke ɓacewa a gari, in kwashe jarkoki in bi layi yini guda, a ƙasar da ake haƙo shi. Amma ba a taɓa rasa duka biyun rana ɗaya ba. A hankali kwanoni suka dawo. Na sa injin casa, manoman fadama suka fara kawo shinkafa. Da na ga manyan motocin kudu suna komawa wayam bayan sun sauke siminti, sai na fara tara albasa a ɗaya rabin siton ina loda musu. Tsoro ne ya koya mini haka, ba wayo ba. Na riga na ga abin da ke faruwa da gidan da ya dogara da abu ɗaya, sau biyu a shekara guda, da fata da kuma wuta.

Bayan wasu shekaru farashin mai ya faɗi, soja suka sake karɓar mulki, aka tsuke shigo da kaya daga waje. Waɗanda suka zuba komai nasu a shinkafar waje da kwangila, na ga wasunsu suna sayar da motocinsu. Injin casarmu kuwa bai huta ba, shi ya yi muku makaranta, shi ya gina gidan nan na Minanata. Amma a daidai lokacin ne kuma kuɗinmu ya karye, fata ta sake daraja, masana'antun Kano suka riƙa aiko mutane Sakkwato suna neman jemammiyar jar akuya ko nawa ne. Suka zo har ƙofar gidanmu, saboda sunan Baba. Ba mu da ko ɗaya. Inda majema take an yi gidaje. Maganar Yaya ta tabbata kamar yadda tawa ta tabbata, kuma da an yi abin da ya dace, da gidan nan ya riƙe duka biyun.

Yaya bai dawo da zama ba sai bayan rasuwar Baba. Mun yi zumunci, mun aurar da 'ya'ya tare, amma bai taɓa taka ƙafarsa wajen inji ba, ban kuma taɓa samun bakin gaya masa abin da na ɓoye ba. Na sha shirya maganar a hanya, in na isa sai mu yi ta hirar ruwan sama. Ya rasu bai sani ba. Bitrus, da zai koma garinsu bayan ya yi ritaya, na raka shi tasha na roƙe shi gafara, don na san labarin abin da na faɗa a zaure ya kai masa. Ya ce shi ba a yi masa komai ba, ba shi ne mai yafewa ba. Idan kun karanta wannan, ku kai wa 'ya'yan Baffanku su ma su karanta.

Baba Tanko ya koma gidansa a Ƙofar Dundaye. Baba yana aika masa da hatsi duk kaka har ƙarshen ransa, ni kuwa kunya ta hana ni zuwa. Wata ranar Alhamis, wajen ƙarshen shekarar da aka sayar da majema, ina cikin niƙa na ɗaga kai sai na hango shi a layi, tsoho ɗaya tilo a tsakiyar mata, riƙe da ƙwaryar dawa. Matarsa ba ta da lafiya, ba kuma mai yi mata daka. Na kashe inji na fita na ce ya kawo in yi masa nan take. Ya ce a'a, waɗannan sun riga shi. Na kawo masa kujera, ya ce ƙafarsa lafiya lau. Haka ya tsaya har layi ya zo kansa. Da na miƙa hannu zan karɓi ƙwaryar sai ya riƙe, ya sa ɗaya hannun a cikin garin matar da ke gabansa, ya murza tsakanin yatsunsa, ya kai hanci.

"Kana matse shi da yawa," in ji shi. "Garin na ƙonewa. Shi ya sa tuwon unguwar ga duk ke warin ƙarfe."

Wata da watanni ina niƙa, babu wanda ya taɓa gaya mini. Na sassauta faranti, na zuba kaɗan, na tara masa a tafin hannu. Ya murza.

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara. Ya sake murzawa, ya gyaɗa kai, sannan ya sakar mini ƙwaryar.

Daga ranar duk Alhamis yakan zo, ya bi layi, ya taɓa gari kafin ya ba ni nasa. Shekara huɗu muna haka. Ranar Alhamis ɗin da bai zo ba, na rufe inji tun kafin azahar na tafi Ƙofar Dundaye, na tarar an fito da tabarmi ƙofar gida.